Baiwar da Ke Hannunmu: Darasi daga Maginiyar Tukwane ta Suleja

Yau za mu yi magana a kan aiki, wato yadda mutum zai sami aikin da zai ciyar da shi, ya kuma faranta masa rai. Muna roƙo a kira yara da matasa su zauna kusa, gama maganar ta shafe su ƙwarai.

Abin da ke damun gidajenmu

Duk wanda ya taɓa kwana a Suleja ko Madalla ya san yadda hanyar Abuja take tun da asuba. Motoci cike da mutane, kowa yana sauri. Waɗansu wurin aiki za su. Waɗansu kuwa takardun makaranta ne a hannunsu, suna bin ofis ofis ko Allah zai sa a dace.

Bari mu dubi mutum uku da kusan kowace unguwa take da irinsu. Ga saurayi wanda iyayensa suka sayar da doya da awaki suka biya masa kuɗin makaranta. Ya gama, ya yi bautar ƙasa, ya dawo gida. Yau shekara uku yana jiran aikin gwamnati. In an ce ya koyi ɗinki ko walda, sai ya ce ai ya wuce nan. Ga kuma magidanci mai albashi, amma kowace Lahadi da yamma sai gabansa ya fāɗi, don gobe Litinin ce. Ga kuma mace mai sana'ar hannu, da ita take ciyar da gidanta, amma ba ta so 'yarta ta taɓa sana'ar, domin a ganinta aikin waɗanda ba su yi karatu ba ne.

Mutanen nan uku ciwonsu ɗaya. Sun tashi da tunanin cewa aiki mai daraja shi ne na kan kujera kaɗai, kuma aiki da jin daɗi ba sa zama wuri ɗaya. Wannan tunani ya zaunar da matasa da yawa. Ya kuma kashe sana'o'in da kakanninmu suka bar mana. Don mu warware shi, za mu dubi rayuwar wata mace da ta yi aikinta a cikin garin Suleja.

Wace ce Ladi Kwali?

In da takardar naira 20 kusa da kai, irin ta leda da aka fito da ita a shekarar 2007, ɗauko ta. A gaba akwai hoton Janar Murtala Muhammed. Juya bayanta. Za ka ga mace tana aikin tukunya. Ita ce Ladi Kwali.

An haife ta wajen shekarar 1925 a ƙauyen Kwali, cikin ƙasar Gbagyi, wadda a Hausa aka fi sani da ƙasar Gwari. A can ginin tukwane sana'ar mata ce tun kaka da kakanni. Ladi ba ta yi makarantar boko ba. Tun tana yarinya ta koyi sana'ar a wurin wata 'yar'uwar iyayenta.

Ga yadda ake yi. Maginiya takan ajiye curin yumɓu, ta huda tsakiyarsa da hannu, ta riƙa jan yumɓun sama. Sa'an nan ta murza wani yumɓun kamar igiya, ta riƙa ɗora shi a bakin tukunyar tana shafewa. Tukunyar tana nan tsaye, maginiyar ce take zagaya ta. Wanda ya taɓa gani ya san abin kamar rawa yake. Kafin yumɓun ya bushe sarai, sai a yi masa zāne. In ya bushe, a jera tukwanen a fili, a lulluɓe su da itace da ciyawa, a cinna wuta.

Mata da yawa sun iya wannan aiki, amma hannun Ladi ya fita dabam. Tulunanta da randunanta sukan fito daidai ta kowane gefe. A jikinsu takan zāna kunama, da ƙadangare, da kada, da hawainiya, da maciji, da kifi, da tsuntsaye, wato halittun da ke kewaye da ita. Har Sarkin Abuja na lokacin, Sulaimanu Barau, ya tara tukwanenta a gidansa.

A nan sai mu yi ɗan bayani. Garin da muke kira Suleja yau, a wancan zamani Abuja ne sunansa. Bayan da gwamnatin tarayya ta yanke shawara a 1976 a gina sabon babban birni, sai aka ba sabon birnin sunan Abuja, tsohon garin kuma ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau, wanda ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1979.

A shekarar 1950 wani Bature maginin tukwane daga Ingila, mai suna Michael Cardew, yana zagaya Nijeriya a madadin gwamnatin lokacin, yana duba yumɓu da aikin magina. A gidan Sarkin Abuja ya ga tukwanen Ladi, suka kuwa burge shi. A 1952 ya buɗe wurin koyar da ginin tukwane a garin. A 1954 Ladi ta shiga, ita ce mace ta fari a wurin. Lokacin tana kusan shekara 30.

A can ta koyi sababbin abubuwa. Ta koyi gini a kan faifai mai juyawa. Ta koyi shafa wa tukunya wani haɗi da yake narkewa a wuta ya zama kamar gilashi. Ta koyi gasawa a cikin tanderu mai zafin da ya wuce digiri 1,200. Ta yi kwanuka da farantai da kofuna. Amma manyan tulunanta ta ci gaba da gina su da hannu yadda ta koya a Kwali, da zānen Gwari a jikinsu.

Aka nuna aikin wurin a birnin Landan a 1958, da 1959, da 1962, tukwanen Ladi kuwa suka ja hankalin mutane. A 1962 ta tafi Ingila ta gina tukunya a gaban masana suna kallo. A 1972 ta zagaya Amurka. A 1963 aka ba ta lambar girma ta Ingila. A 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin dakta na girmamawa. A 1980 da 1981 gwamnatin Nijeriya ta ba ta lambobin girma na ƙasa. Wurin koyarwar nan na Suleja ma aka sa masa sunanta. Ta rasu a Minna ran 12 ga Agusta, 1984.

Ba mun kawo labarin nan don a ce kowa ya zama maginin tukwane ba ne. Akwai abu uku a cikinsa da za su amfani manomi, da tela, da malamin makaranta, da ma'aikacin ofis.

Abu na fari: an yi mu domin mu yi abu da hannunmu

Mutane da yawa suna tsammani aiki hukunci ne da ya zo saboda zunubi. A duba Littafin Farawa sura 2. Tun kafin mutum ya yi zunubi, Allah ya sa shi a gona ya nome ta, ya lura da ita. Ya kuma kawo masa dabbobi ya raɗa musu suna. Abin da zunubi ya kawo shi ne ƙaya da wahala a cikin aikin. Aikin kansa kyauta ne tun farko.

A Littafin Fitowa sura 31 kuma mun ga mutumin da Allah ya kira da sunansa, ya cika shi da Ruhunsa, wato Bezalel. Me aka ba shi ya yi? Aikin zinariya, da azurfa, da tagulla, da yankan duwatsu, da sassaƙa. Maƙeri ne kuma masassaƙi. A sura 35 an ambaci mata masu gwaninta waɗanda suka kaɗa zare da hannuwansu saboda alfarwa. Ubangijinmu Yesu kansa, mutanen garinsu da masassaƙi suka san shi. Manzo Bulus kuma ya zauna tare da Akila da Bilkisu a Koranti suna ɗinkin alfarwa. To, wa ya ce mana aikin hannu abin kunya ne?

Ku lura da wani abu a tukwanen Ladi. Tulu yana riƙe ruwa ko da zāne ko babu. Hawainiyar da ke jikinsa ba ta ƙara masa ko moɗa ɗaya ba. Me ya sa mata magina suke ba da lokacinsu su yi zānen? Domin mutum ba ya ƙoshi da abin da ya yi amfani kawai, yana so abin ya yi kyau. Shi ya sa manomi yakan tsaya a bakin gona ya dubi kunyoyinsa da suka miƙe, ya ji daɗi tun doya ba ta tsiro ba. Shi ya sa mai ɗinki takan ɗaga riga ta juya ta gaba da baya kafin mai ita ya zo. Wannan daɗi Allah ne ya sa shi a cikinmu. Littafin Mai Hadishi ya koya mana cewa mutum ya ci, ya sha, ya ji daɗin aikinsa, wannan ma baiwa ce daga Allah.

Saboda haka tambayar da za ka yi wa kanka ita ce: a cikin aikina, ina wurin da zan sa hannuna abin ya ƙara kyau? Malamar firamare tana iya shirya waƙar da za ta sa yara su riƙe lissafi. Mai sayar da abinci tana iya gyara miyarta har a san ta da ita. Ma'aikacin ofis yana iya tsara takardu yadda tsohon da ya zo neman fanshonsa ba zai yini a tsaye ba. A irin wannan wuri ne daɗin aiki yake fitowa.

Abu na biyu: wasa makarantar fari ce

A gidajen magina ba a zaunar da yarinya a ce yau za a fara darasi. Uwa tana aiki, yarinya tana gefe da ɗan yumɓunta. Ta yi ɗan kasko, ya karkace, ta rushe, ta sāke. Ba mai dūkanta, gama wasa take yi. Amma a cikin wasan nan yatsunta suna koyon taushin yumɓu, suna gane lokacin da ruwa ya yi yawa da lokacin da ya yi kaɗan. Ran da za a ce ta gina ta gaske, hannun ya riga ya saba.

Haka yake ga sauran yara. Yaron da yake yin mota da kara ko da gwangwani yana koyon awo da haɗa abubuwa. Yarinyar da take ɗinka wa 'yartsana riga da ƙyalle tana koyon yanka. Masu dara suna koyon lissafi da hangen gaba. Masu gaɗa da langa suna koyon bin doka, da jiran layi, da haƙuri in an ci su. Masu tatsuniya da dare suna koyon magana a gaban mutane, suna kuma riƙe harshen iyayensu.

Me ya sa wasa yake koyarwa haka? Domin a wasa yaro ba ya tsoron kuskure. Abu ya lalace, ya yi dariya, ya sāke gwadawa. Wanda yake tsoron kuskure kuwa ba ya gwada sabon abu. Ku tuna da Dawuda. Majajjawar da ya fuskanci Goliyat da ita, kayan yara makiyaya ce. Kiɗan da ya riƙa yi wa Sarki Saul har hankalinsa ya kwanta, tun yana saurayi mai kiwon tumakin mahaifinsa aka san shi da shi.

Annabi Zakariya ma, a sura 8, da yake kwatanta Urushalima bayan Allah ya komo da zaman lafiya, alamu biyu ya bayar: tsofaffi zaune a tituna da sandunansu, da kuma yara maza da mata sun cika titunan suna wasa. Ashe wasan yara alamar albarka ce a gari.

Duniya ma ta gane wannan. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya a kan haƙƙin yara, ta shekarar 1989, ta sa hutu da wasa cikin haƙƙoƙin kowane yaro. A 2024 kuma Majalisar ta keɓe ranar 11 ga Yuni ta zama ranar wasa ta duniya.

Iyaye, ba mu ce yara su bar aikin gida ko karatu ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Amma yaron da ya tashi daga makaranta ya wuce talla, daga talla ya wuce ɗiban ruwa, daga nan sai barci, yaushe za a ga abin da Allah ya sa a hannunsa? In ka ga ɗanka ya kwance tsohuwar rediyo, kafin ka ɗauki bulala, tambaye shi me yake nema a ciki. Mai yiwuwa makanikin gidan ne kake kallo.

Manya ma suna bukatar wasa. Ladi tana kusan shekara 30, gwana ce da har sarki ya san aikinta, amma ta yarda ta zauna gaban faifai mai juyawa ta zama 'yar koyo. Wanda ya taɓa gwadawa ya san yumɓu yakan kufce wa ɗan koyo sau da yawa kafin ya miƙe. Babba da ya iya yi wa kansa dariya ya sāke gwadawa, shi ne yake ƙaruwa.

Sai dai a yi hankali, akwai wasan da yake ci da mutum. Cacar ƙwallo ta shiga wayoyin matasanmu, tana kuma kiran kanta wasa. Ga yadda za a bambance. Wasa na kirki, in ka tashi daga gare shi, ka ƙaru da wani abu: ƙarfin jiki, ko gwaninta, ko aboki, ko hutun zuciya. Caca kuwa takan bar ka da aljihu wayam, da bashi, da ɓoye-ɓoye. Duk wasan da ba za ka iya yinsa a gaban mahaifiyarka ba, ka bincike shi.

Abu na uku: ka san abin da ba za ka saki ba

Ladi ta karɓi sabon ilimi hannu biyu. Ba ta ce abin Turawa ne, ba ruwanta ba. Amma ba ta yar da na gida ba. Da ta je Ingila da Amurka, abin da mutane suka taru su gani shi ne ginin hannu irin na matan Kwali. Faifai mai juyawa suna da shi a ƙasarsu. Abin da ta tashi da shi a ƙauye, wanda wani zai iya rainawa, shi ne ya kai ta gaban duniya. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Wannan magana tamu ce, mu da muke da harsunanmu da al'adunmu, ko Gbagyi, ko Koro, ko Gade, ko Gwandara, ko wani. Yaranmu da yawa suna jin kunyar harshen gida, da abincin gida, da sana'ar gida. Ku koya musu Turanci da Hausa da kwamfuta, i, amma ku gaya musu cewa waƙoƙinmu, da saƙarmu, da irin nomanmu, dukiya ce.

Akwai kuma darasi a cikin tulun kansa. Tulun gargajiya yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Ruwa yakan tsattsafo ta cikinsu, iska ta busar da shi, zafi ya tafi tare da shi, ruwan ciki ya yi sanyi. Tulun da aka shafa wa haɗin gilashi aka gasa a tanderu ya fi ƙarfi, ya fi ƙyalli, amma ya yi nauyi, ƙofofin kuma sun toshe, ba ya sanyaya ruwa. Ya zama na ado. Kowane ci gaba yana da abin da yake kawowa da abin da yake ɗaukewa. Kafin ka karɓi sabon aiki, ko ƙarin girma, ko tafiya wani gari, ka zauna ka lissafta: me zan samu, me kuma zan rasa? In kuɗi ya ƙaru amma yaranka ba sa ganinka sai suna barci, ka auna da kyau.

Kowane mutum yana bukatar abubuwa kaɗan da ya ce waɗannan ba na sayarwa ba ne. Maginiya ta san tukunyar da ta tsage, ko ta shafe tsagar mai saye bai gani ba. Birkila ya san yawan siminti da ya sa. Makaniki ya san ko sabon ƙarfe ya sa ko tsoho. Mai awo ta san gindin mudunta. Wanda yake ha'inci yana iya samun riba, amma ba ya jin daɗin aikinsa, gama kullum yana tsoron ranar da asiri zai tonu. Mai gaskiya yakan kwanta ya yi barci. Manzo Bulus ya gargaɗi Kolosiyawa su yi kowane aiki da zuciya ɗaya, kamar Ubangiji suke yi wa. Wanda ya riƙe wannan, ko mai gida yana nan ko ba ya nan, aikinsa ɗaya ne.

Wani abin riƙewa kuma shi ne koya wa waɗansu. Bayan Ladi ta shiga wurin koyarwar nan, waɗansu mata suka biyo ta, irin su Halima Audu, da Asibi Ido, da Lami Toto, da Kande Ushafa. Mace ɗaya ta shiga, ƙofa ta buɗe wa saura. Bezalel ma, an faɗa cewa Allah ya ba shi iya koya wa waɗansu. Sana'ar da aka ɓoye takan bi mai ita kabari.

Tambayoyi biyu masu nauyi

Wani zai ce, "Malam, daɗin aiki ba ya biyan kuɗin haya." Gaskiya ne. Roba da kwanon ƙarfe sun ƙwace kasuwar tukwane da yawa. Dubban mata sun gina tukwane masu kyau, ba wanda ya sa hotonsu a kuɗi. Ba mu yi wa kowa alkawarin suna ko arziki ba. Kada kuma wani ya ji wannan magana ya ajiye aikin da yake ciyar da iyalinsa gobe da safe. Ciyar da iyali shi kansa aiki ne mai ma'ana. Direban da yake tashi ƙarfe 4 na asuba don yaransa su yi karatu, ya san dalilin wahalarsa, wannan sani kuwa yana sauƙaƙa kaya. Shawararmu ita ce, ka riƙe abin da yake hannunka, ka ware sa'a ɗaya ko biyu a mako don abin da zuciyarka take so, ka gwada shi kaɗan kaɗan. Sannu ba ta hana zuwa.

Wata kuma za ta ce, "To, mu cire yara daga makaranta ke nan?" Ko kusa. Karatu da sana'a 'yan'uwan juna ne. Ga misali daga Jihar Jigawa. Wani malami mai suna Mohammed Bah Abba, wanda ya fito daga gidan magina tukwane, ya haɗa abin da ya sani a gida da abin da ya karanta. Ya sa ƙaramar tukunya a cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle. Ruwan yashin yana bushewa, cikin ƙaramar tukunyar yana yin sanyi, sai tumatir da yalo da ganye su daɗe ba su lalace ba, ba tare da wutar lantarki ba. Ya yaɗa wannan dabara a ƙauyuka, a shekarar 2000 kuma aka ba shi lambar yabo ta Rolex. Da ya raina sana'ar gidansu, da bai yi wannan ba. Da bai yi karatu ba, da wuya ya kai ta inda ta kai.

Me za mu yi a gida?

Na ɗaya, iyaye su lura da abin da kowane yaro yake yi in ba wanda ya sa shi. A nan baiwa takan fara nuna kanta. Ku faɗa masa abin da kuka gani.

Na biyu, kowane yaro, mace ko namiji, ya koyi sana'a ɗaya tare da karatunsa. Lokacin dogon hutu ya isa a fara.

Na uku, saurayi ko budurwa da ke jiran aiki, kada jiran ya zama zaman banza. Babu maraya sai rago. Je wurin wanda ya iya, ka sunkuyar da kai ka koya. Takardarka ba za ta ruɓe ba.

Na huɗu, a daina zagin sana'a a gaban yara. Kalma irin "in ba ka yi karatu ba za ka ƙare a gona" tana koya wa yaro raina hannun da yake ciyar da shi.

Na biyar, zumuntar mata da ƙungiyar matasa su nemi tsofaffin da suka iya gini, da saƙa, da ƙira, da kiɗa, su roƙe su su koyar tun suna da rai.

Na shida, iyali su sami lokacin wasa da dariya tare, ko da sau ɗaya a mako.

Allah ya taɓa aiken annabi Irmiya gidan maginin tukwane. Ya tarar tukunyar da ake ginawa ta lalace a hannun maginin. Maginin bai jefar da yumɓun ba, ya sāke gina wata da shi. Ɗan'uwa, 'yar'uwa, in kana ganin shekarunka sun tafi a banza, ko aikin da ka sa rai bai samu ba, yumɓun yana nan. Ana iya sāke ginawa.

Tambayoyi domin tattaunawa a iyali

1. Wane aiki ne in kana yinsa ba ka sanin lokaci ya wuce?
2. Wace sana'a ce aka san gidanku da ita a dā? Wa ya iya ta yanzu?
3. Waɗanne abubuwa ne ba za ka yi ba a wurin aiki, kome yawan kuɗin da aka ba ka?

Bari mu yi addu'a. Ya Ubangiji Allah, mun gode maka saboda hannuwan da ka ba mu. Ka buɗe idanunmu mu ga baiwar da ka sa a cikin 'ya'yanmu. Ka buɗe hanya ga masu neman aiki, ka ba masu aiki gaskiya da farin ciki a cikinsa. A cikin sunan Yesu muka roƙa. Amin.

Sai mun sāke saduwa a shiri na gaba. Ku huta lafiya.